Waƙoƙin Tsufa a Kiɗan Baka na Hausa

Makaɗin baka na Hausa ba ya ajiye sana'a don shekaru sun ja. Muddin murya na fita, kuma ana gayyatarsa biki ko naɗin sarauta, yana nan a fage har ciwon ajali ya kwantar da shi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 da shekaru masu yawa, Alhaji Mamman Shata Katsina ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a watan Yuni na 2015. Dukansu sun daɗe suna waƙa bayan furfura ta fito. Sai dai mafi yawan abin da jama'a suka haddace nasu, waƙoƙin lokacin ƙarfi ne. Na shekarun ƙarshe kuwa kaɗan ne ke yawo, kuma ko an ji su ba a cika sanin na ƙarshen ba ne.

Hanyar da tsohuwar waƙa ke isa kunnen mai sauraro a yau ta nuna inda gizo ke saƙar. A garuruwa irin Gaya da Ajingi na jihar Kano manyan hanyoyin biyu ne: rediyo, da kuma masu tura waƙa a shagunan cajin waya. Manomi ko direba ya miƙa memori ya ce a zuba masa Shata, sai a kwafe masa abin da ke cikin kwamfuta gaba ɗaya. Shi ma mai shagon daga wani ya kwafo, wataƙila a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, wani lokaci sunan waƙar ma kuskure ne. Waƙar da ba ta shiga wannan tarin tun farko ba, da wuya ta shiga daga baya.

Dalilin da ya sa waƙoƙin tsufa ba su cika shiga tarin ba yana cikin tarihin ɗaukar murya. Shekarun 1960 da 1970, lokacin da waɗannan makaɗa ke tashe, su ne lokacin da aka fi ɗaukar waƙa da kyau a Arewa. Gidan rediyo da talbijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yana kiran makaɗa cikin situdiyo, kamfanoni irin EMI kuma suna buga faifai. Gwamnati ma tana neman su, a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da lokacin komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da fitowar naira da kwabo a 1973. Abin da aka ɗauka a wannan zamani ya fita tas, shi ya sa ma'aikacin rediyo ke komawa gare shi kullum.

Daga baya kaset ya zo da sauƙinsa da ɓarnarsa. Kowa na iya kwafa, Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar gurza kaset, manyan kamfanonin faifai na waje kuma suka janye daga Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1980. Saboda haka waƙar da tsohon makaɗi ya yi a shekarun 1990 galibi a filin biki aka ɗauke ta, da rikoda a gefen lasifika, ga hayaniyar jama'a, ga kirarin sanƙira yana danne murya. Sau da yawa kaset ɗin na hannun ubangidan da aka yi wa waƙar, daga nan sai akwati. A daidai wannan lokaci ne fim ɗin Hausa ya taso a Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, kiɗan fiyano ya ja kunnen matasa, bukukuwa suka fara komawa gare shi. Ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa daga shekarar 2000 ya ƙara taƙaita tarukan kiɗa a wurare da dama.

Asarar ta wuce ta yawan waƙoƙi, domin tsufa na sauya salon makaɗi ta hanyoyin da suka cancanci nazari. Murya takan sauka ta yi kauri, numfashi ya gajarta, don haka ɗiyan waƙa sukan zama gajeru, jagora ya bar wa 'yan amshi nauyin da a da shi ke ɗauka. Mai saurin hukunci zai kira wannan gazawa. Mai kunne kuwa zai lura cewa wanda numfashinsa ya ragu ba ya ɓarnar kalma: abin da a da zai faɗa cikin layi biyar, yanzu karin magana ɗaya ya ishe shi. Makaɗan da suka shekara talatin a bayansa sun san inda zai tsaya tun bai tsaya ba, sai kiɗan ya zauna daram.

Turken waƙar ma yakan karkata. Tsohon makaɗi ya binne iyayen gidansa da dama, saboda haka yabo kan gauraya da ta'aziyya, a jero sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu addu'a, sannan a juya ga 'ya'yansu. A nan akwai abin da ya bambanta waƙar baka da rubutacciya. Gindin waƙa ne kaɗai ke tsaye, ɗiyan kuwa suna sauyawa duk lokacin da aka rera. Bakandamiyar Shata ta zo a rerawa daban-daban, kowace da abin da aka ƙara ko aka rage. Idan makaɗi ya maimaita tsohuwar waƙarsa bayan shekara ashirin, sabon aiki ya yi a kan tsohon gindi. Mai tura waƙa da ya ga suna iri ɗaya sau biyu ya goge ɗaya, ya goge shaidar yadda tunanin mawaƙin ya girma.

Ba duk waƙar tsufa ce gwanar kyau ba. Akwai waɗanda aka yi don biyan buƙata kawai, musamman a kakar siyasa, inda ake ɗora sunan ɗan takara a kan tsohon kiɗa ba tare da wata sabuwar hikima ba. Aikin mai nazari ne ya rarrabe, amma sai an tara kafin a tace.

A wasu ƙasashe an samu masu tsayawa kan wannan mataki na rayuwar mawaƙi. A Amurka kasuwar Johnny Cash ta yi sanyi ƙwarai kafin Rick Rubin ya zaunar da shi da jita kaɗai, suka fitar da American Recordings a 1994, yana da shekara 62. A Mali, kamfanin World Circuit ya ɗauki faifan Ali Farka Toure mai suna Savane a Bamako, ya fito a 2006, 'yan watanni bayan rasuwarsa. Adanawa kanta ma tana da amfani: a Nijar kaset ɗin da Mamman Sani ya yi da fiyanon lantarki a ƙarshen shekarun 1970 ya sake fitowa a 2013 ta hannun Sahel Sounds, domin an adana kwafinsa a Yamai da sunan mai shi.

Nazarin da aka yi a gida yana da nauyi. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, wato shekara 24 kafin mawaƙin ya rasu, don haka duk abin da ya biyo baya bai shiga ciki ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ya kuma tattara tarihin makaɗa masu yawa. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ya fito a 2006. Abin da ya rage shi ne jera waƙoƙin kowane makaɗi bisa shekarunsu.

Wannan aiki mai yiwuwa ne, don waƙar kanta na ɗauke da alamun lokacinta: sarautar da aka kira mutum da ita, kuɗin da aka ambata ko fam ne ko naira, irin motar da aka yi kyauta, gwamnan da ke kan mulki, da wanda aka yi wa addu'ar rahama. Yaran makaɗan da suka rage da rai na iya tabbatar da sauran. A ƙasar Gaya da Ajingi buƙatar ta fi gaggawa ga makaɗan gida, na fada da na gangar noma da na maƙera, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga situdiyo ba, muryarsu na cikin kaset ɗin bukukuwa ne kawai, ga shi zafi da ƙura na cinye zaren kaset shekara bayan shekara.