Malikussaif a Kunnen Hausawan Makka

 Yau a filinmu na sharhin adabi daga Makka nake magana da ku, daga unguwar Zahir, a kan hanyar da mai zuwa Tan'im yake bi idan zai ɗauko haramar Umara. Alhazan da suka san wurin za su tuna da asibitin Sarki Abdul'aziz, da kuma tsohuwar fadar dutse da aka gina a 1946, wadda daga baya aka mayar gidan adana kayan tarihi. Daga nan zuwa Jarwal tafiyar ba ta da yawa, kuma idan ka gangara har Share Mansur da Hindawiyya, ba za ka rasa jin Hausa a bakin mutane ba. Kakannin wasunsu a ƙafa suka zo, ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya, da yawa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Jikokinsu ne ake kira Hausawi, kuma masu bin ƙwallo sun san Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya fara a ƙungiyar Al-Wahda har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Na kawo wannan ne domin mutanen nan suna da abin da yawancinmu a gida ba mu da shi. Da Larabci suka yi makaranta, da Hausa suka tashi a tsakar gida. Saboda haka idan aka ɗauko zancen Malikussaif, mutum ɗaya yana iya karanta asalin littafin na Larabci, wato Siratu Saif bin Zi Yazan, sannan ya saurari na Hausa a waya, wanda Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya fitar da sunan Malikussaif Ibn Ziyazanun. Shi ya sa muhawararsu kan littafin ta fi tamu zafi, kuma ta fi tamu zurfi.

Ga wanda bai san labarin ba, ga bakin zarensa. Sarki Zu Yazan na Yaman ya biyo ta Makka da rundunarsa, ya ga Ka'aba, ya yi nufin rushe ta ya kwashe duwatsun zuwa ƙasarsa. Ciwo ya kama shi, ya tuba, ya tufatar da Ɗakin. Ya wuce ya kafa birni a yankin da Sarkin Habasha Saifu Ar'ad yake iko. Shi kuwa Saifu Ar'ad sai ya aiko masa da kuyanga mai suna Ƙamariyya ɗauke da guba. Zu Yazan ya rasu ya bar ta da ciki, ta haifi namiji, wato Saif, son mulki ya sa ta jefar da jaririn a dokar daji. Barewa ta shayar da shi, matar sarkin aljanu ma ta shayar da shi, ta haka aljana Aƙisa ta zama 'yar'uwarsa ta nono. Ya girma a gidan Sarki Afrah, ya so 'yarsa Shama, aka yanka masa sadakin da ake zaton zai halaka shi: da farko kan jarumi Sa'adun, sannan Littafin Kogin Nilu. Daga nan fa labari ya ɓalle, sai bokaye, da alluna masu hadimai, da biranen tsafi, da tsibiran da babu maza, da 'ya'ya da jikoki, har ya kai ga jawo ruwan Nilu zuwa ƙasar da aka sa wa sunan ɗansa, Misra.

Ƙorafin da na fi ji daga matasa shi ne tsawo da maimaici. Bugun Alƙahira ya kai juzu'i kusan 20. Suna cewa duk inda Saif ya sauka akwai 'yar sarki da za ta so shi, akwai boka da zai ƙulla masa, akwai aljanin da zai sure shi ya jefar a wani kwari. Sunaye sun yi yawa, wanda ka manta da shi tun juzu'i na uku sai ya ɓullo a na goma sha biyu. Abin da ya fi ƙona musu rai kuwa shi ne yadda Ƙamariyya take ta neman kashe ɗanta, shi kuma yana ta yafe mata, tana sake yaudararsa.

Ina ba su gaskiya rabi. Bayan an gama da Ƙamariyya, labarin ya koma kan 'ya'yan Saif da yaƙe-yaƙen bokaye, zaren yakan yi sanyi, kuma akwai wuraren da mai karatu zai tsallake shafi ashirin bai yi asarar komai ba. Amma a tuna, littafin nan don kunne aka tsara shi. A Masar aka harhaɗa shi, wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, kuma a gidajen shan gahawa ake karanta shi dare bayan dare. Baturen nan Edward Lane, a littafinsa na 1836 kan al'adun mutanen Masar, ya ambace shi cikin labaran da masu ba da hikaya suke karanta wa jama'a a Alƙahira. Wanda bai zo jiya ba dole a tuna masa inda aka kwana, wanda ya zo dole a bar shi da ƙishirwar gobe. Maimaicin da ke gundurar mai riƙe da littafi shi ne igiyar da ke riƙe mai sauraro. Mu da muka tashi muna jiran a karanta mana littafi kashi-kashi a rediyon Kano ko na Kaduna mun san wannan jiran. Su ma matasan da ke kukan tsawo, da yawansu suna bin One Piece na Japan, wanda Eiichiro Oda ya fara tun 1997, ya haura juzu'i 100. Ashe haƙurin yana nan, salon ne ya sauya.

Batun yafe wa Ƙamariyya kuwa, ni a wurina nan ne littafin ya fi ƙarfi. Jarumin da ke tarwatsa runduna shi kaɗai, ga shi ya kasa ɗaga hannu ga uwar da ta jefar da shi. Duk sanda ta yi kuka ta ce ta tuba sai ya yarda, domin yana son ya yarda. Aƙisa ce take ganin abin da shi ya ƙi gani, tana yi masa faɗa irin na 'yar'uwa, tana fushi, tana tafiya, tana dawowa ta cece shi. Duk Bahaushen da ya san nauyin uwa zai gane wannan tarko. Ban ga wani wuri a dukan juzu'an da ya kai wannan taɓa zuciya ba.

Dattawa kuma nasu ƙorafin daban ne. Suna cewa littafi ne na ƙarya da sihiri, bai dace da gidan Musulmi ba, balle a garin Makka. Maganarsu tana da tushe, domin Ibn Kasir a cikin Al-Bidaya wan-Nihaya ya soki irin waɗannan hikayoyi, ya ambaci na Antara da na Baɗɗal, ya ce ƙage ne. Damuwar malamai ita ce jama'a suna ɗaukar hikaya a matsayin tarihi, kuma a kan Saif wannan haɗarin gaskiya ne, domin mutumin ya rayu. Basarake ne na Himyar wanda ya nemi taimakon Kisra na Farisa, ya kori Habashawa daga Yaman a zamanin Masruƙ ɗan Abrahata, 'yan shekaru bayan Shekarar Giwa. Littattafan tarihi sun kawo cewa Abdulmuɗɗalib ya je cikin tawagar Ƙuraishawa har fadar Gumdan a San'a domin taya shi murna. Wannan Saif ɗin bai auri aljana ba, bai jawo Nilu ba. Idan mai karatu ya raba waɗannan mutum biyu, ya san ɗaya na tarihi ne ɗaya na tatsuniya, rabin damuwar ta kau. Mu ma muna da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, jarumin da ya fara da yaƙin Turawa ya ƙare a ƙasar aljanu yana musuluntar da su, kuma an karanta shi a makarantunmu shekara da shekaru ba wanda ya ɗauke shi tarihin Kontagora.

To amma akwai magana ta uku, wadda ban cika jin ta a Kano ba, a nan kuwa masu karatun Larabci suna ɗaga ta da zafi, kuma ita ce ta fi damuna. Ginshiƙin labarin gaba ɗaya yana kan wata ƙissa da ke cewa Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi wa ɗansa Hamu baki, fatarsa ta yi baƙi, aka ce zuriyarsa za su zama bayin zuriyar Samu. A cikin littafin, Saif shi ne wanda zai cika wannan bakin a kan Habasha da Sudan, wato ƙasashen baƙar fata. Don tsoron haka ne bokayen Saifu Ar'ad, Saƙardis da Saƙardiyun, suke ta ƙoƙarin hana shi auren Shama. Ka yi tunanin yaro Bahaushe a Makka, wanda ya san kalmomin da akan jefi mai launinsa da su a titi ko a filin ƙwallo, ya buɗe littafin da kakansa yake yabo, ya tarar da wannan tun a juzu'in farko.

Wannan ƙissa ba ta cikin Alƙur'ani, kuma manyan malamai sun yi watsi da ita tun da daɗewa. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya rubuta littafi sukutum kan falalar mutanen Sudan da Habasha, ya ce zancen bai inganta ba. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya danganta launin fata da yanayin zafin ƙasa, ya ƙaryata masu jingina shi ga la'ana. Namu kuma, Ahmad Baba na Tambutu, a amsar da ya ba mutanen Tuwat a 1615, ya ƙi yarda cewa launi ko zuriya hujja ce ta bautarwa, har ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Sannan littafin ya mayar da Habashawa masu bautar tauraron Zuhal, alhali Habasha ta tarihi ita ce ƙasar Najashi, wadda Sahabbai suka yi hijira zuwa cikinta daga wannan gari a 615 suka sami mafaka.

Daga ina ƙiyayyar ta fito? Daga siyasar zamanin da aka tsara labarin. Sunan Saifu Ar'ad na wani sarkin Habasha ne na gaskiya da ya yi mulki daga 1344 zuwa 1372, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin sarakunan Habasha da Mamalik na Masar, har Habasha takan yi barazanar tare ruwan Nilu. Mai hikaya a Alƙahira ya ɗauki fargabar mutanensa ya saka mata rigar jarumtaka: ga gwarzo Balarabe da ya mallaki Littafin Nilu, ya kawo ruwa Masar, ba mai iya hana shi. Wanda ke bin labarin madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a 2011, da cacar bakin da ta biyo baya da Masar, zai ga fargabar nan ba ta mutu ba.

Masu kare littafin suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Sa'adun, baƙin jarumin da aka aiki Saif ya sare wa kai, shi ya zama babban amininsa kuma jigon rundunarsa. Shama 'yar sarkin yankin Habasha ce, ita ta haifa wa Saif ɗansa Damar. Ita kanta mahaifiyarsa daga fadar Habasha ta fito. Kuma idan tafiya ta yi nisa, abin da ke raba masoyi da maƙiyi a labarin shi ne karɓar addinin Annabi Ibrahim ko ƙin sa, mutum ne ko aljan, fari ne ko baƙi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai bai goge abin da aka aza harsashin a kai ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke cewa ai labari ne kawai, a bar zancen. Labarin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta wa jama'a da dare yana shiga jini, yana gyara wa mutane yadda suke kallon maƙwabcinsu.

Hukuncina a kan Malikussaif shi ne a karanta shi, a kuma karanta shi da ido buɗe. Gini ne babba na hikaya wanda ya ratsa ƙasashe har ya kai ga harshen Malay, kuma duk wanda ya karanta littattafan yaƙi na Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, zai ji ƙamshin irin wannan hikaya a cikinsu. Hana shi ba zai amfani kowa ba, yanke wurin da ke da matsala a ɓoye kuma zai bar mai karatu cikin duhu ranar da ya gamu da asalin.

Roƙona yana ga masu fassara, da masu bugawa, da masu karanta littattafai a rediyo da YouTube. Ku sa gabatarwa ko da ta shafi biyu ce, ko ta minti biyar, ku faɗa wa jama'a wane ne Saif na tarihi, yaushe aka tsara hikayar, da abin da Ibn Khaldun da Ahmad Baba suka ce kan zancen Hamu. Marubutanmu kuma, ga tafiyar kakannin Hausawan Makka nan, shekaru a hanya, ana noma a Sudan a tara guzuri, ana haihuwa ana binnewa kafin a ga teku. Wannan ya isa juzu'i ashirin, kuma jikokin masu tafiyar suna nan da rai a Jarwal da Zahir, ana iya zama da su a ji daga bakinsu.

Ku kuma masu sauraro da kuka karanta shi, na Larabci ko na Hausa, ku aiko mana da ra'ayinku, musamman wanda ya kai ƙarshensa. A gaya mana a wane juzu'i ne labarin ya fi kama ku, a wane ne kuma kuka kusa ajiye shi. Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.