Limami da Fasto, Idan an Kalle Shi Daga Ƙasar Ketare

Fim ɗin The Imam and the Pastor, wanda Alan Channer ya shirya a 2006, labarin mutum biyu ne na Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf, James ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun sadu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare.

Ƙarfin labarin shi ne bai ɓoye jinkirin zuciya ba. James da bakinsa ya shaida cewa ya yi shekara uku suna aiki tare alhali yana riƙe da niyyar kashe abokin tafiyarsa. Wannan shaida ta fi mini wa'azi goma daraja, domin mu masu bi mun saba cewa mun yafe tun kafin hawaye ya bushe, sa'an nan mu koma gida da gyambonmu a rufe.

Amma mai kallo daga Ketare, ko Faskari, ko Sabuwa, zai ga giɓi. Maƙiyin James yana da fuska da suna, ya ajiye makami, har ya je asibiti gaishe da mahaifiyarsa. Wanda ya kore shanunmu, ya karɓi kuɗin fansa, bai zo ba, wataƙila ma yana bayan gari a daren nan. Fim ɗin bai yi magana da irin wannan mai rauni ba, kuma kuskure ne a nuna shi a majami'a kamar ya yi.

Mun ma ga tuban da ba shi da saiwa. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021. Kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, a can aka kashe shi.

Saboda haka dole a raba abu biyu da fim ɗin ya haɗa. Gafara wajibi ce a kanmu ko mai laifi bai roƙa ba, gama Ubangiji Yesu ya yi wa masu gicciye shi addu'a tun suna kan aikinsu, Romawa 12 kuma ta karɓe ramuwa daga hannunmu. Amincewa kuwa tana jiran 'ya'yan tuba. Yusufu ya juya ya yi kuka saboda 'yan'uwansa tun a Farawa 42, duk da haka bai bayyana musu kansa ba sai a sura ta 45, bayan ya ji Yahuza, wanda a dā ya ba da shawarar sayar da shi, yana roƙo a riƙe shi bawa a madadin Biliyaminu.