Bakin Farfela

A Ayigya Zango da ke Kumasi, in ana biki ko taron Maulidi, ka lura da matashin da ya zo ɗaukar bidiyo da jirgi marar matuƙi. In gwani ne, kafin ya tashe shi sai ya tsuguna ya bi bakin kowace farfela da ɗan yatsa, kamar wanzami na gwada aska. Yana neman tsaga, ko ƙurar hunturu da raɓa ta liƙe, ko ƙwaron da ya mutu ya manne. Wannan yatsan yana burge ni ƙwarai.

Farfela ƙaramin fiffike ce mai juyawa. An tanƙwara bayanta, an yi bakinta sumul, don iska ta bi jikinta ta gangara ƙasa, jirgi ya ɗaga. Da bakin ya yi kaushi, iskar ta rabu da jikin ta hargitse. Ɗagawa ta ragu, inji ya ƙara zuƙar wuta don ya cike giɓi, batir ya ƙare tun amarya ba ta fito ba.

A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke wannan ɓarna. Cikin gajimare akwai ɗigon ruwan da sanyinsa ya wuce sifili amma bai daskare ba, yana bugun abu ya zama ƙanƙara nan take. Farfela ta fi fiffike kwasarsa, domin siririya ce, ga shi tana juyi dubbai a minti ɗaya. Cikin 'yan mintoci siffar bakinta ta canza. Mafi muni, juyin kan cilla ƙanƙarar gefe ɗaya ya bar ta ɗayan, nauyi ya karkace, jirgi ya kama makyarkyata. A jami'ar NTNU da ke Trondheim ta Norway, Richard Hann da abokan aikinsa sun daɗe a kan wannan, har ana gwada farfela mai ɗumama kanta da lantarki. Sai dai ɗumamar ma daga batir take ci.

Kumasi ta tsira daga wannan. Zafi kan ragu da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, don haka sai an haura mita dubbai kafin ruwa ya daskare. Jiragen Zipline da ke kai jini da magani daga cibiyar Mampong tun 2019 ba sa kusantar can, balle na biki. Amma lissafin da ɗaliban injiniyan jirage ke yi a jami'ar KNUST, tsallaken titi kawai daga Ayigya, shi ne dai abin da mai bidiyo ke taɓawa da hannu.

Ga kuma kunne. Lafiyayyar farfela ƙararta ɗaya ce miƙaƙƙiya. Da ta fara gurnani ko rawa, gwani ba ya jiran hoto ya girgiza, sauko da jirgin yake ya canza ta. Yana kuma duba alamar da ke jikinta, domin cikin farfelolin jirgin, biyu dama suke juyawa, biyu hagu, in aka musanya su jirgin kifewa zai yi tun bai bar ƙasa ba.