Suna da Amana a Fim ɗin Charade

Akan ɗauki Charade, wanda Stanley Donen ya shirya a 1963, a matsayin gamin-gambizar soyayya da barkwanci da leƙen asiri. A ganinmu jigonsa guda ne, wato amana. Audrey Hepburn ta fito a matar da aka kashe wa miji, masu farautar dala 250,000 suka sa ta gaba a birnin Paris. Cary Grant kuwa, wanda take so, sunaye huɗu ya amsa. Kowane sabon suna abin dariya ne ga mai kallo, amma barazana ce gare ta. Rauninsa yana ƙarshe: da ta bayyana jami'in gwamnatin Amurka ne, sai muƙami ya wanke ƙarya, aka kauce wa tambayar da labarin ya tayar.