Zanen Hamadar Ostiraliya da Hannun Emily Kame Kngwarreye

Zanen 'yan asalin Ostiraliya na hamada ya girmi fentin kanti da ƙyallen zane da dubban shekaru. A kan yashi ake yin sa, da jikin dutse, da ƙirji da kafaɗun masu rawar ibada, kuma yawancinsa iska ke sharewa da zarar an tashi daga taro. Sai a 1971, a ƙauyen Papunya, wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawan wurin gwiwa su ɗora shi a kan bango da allo. A 1972 suka kafa kamfaninsu na Papunya Tula. Da zanen ya fara fita kasuwa sai rigima ta taso, domin wasu alamomin sirri ne da ba a yarda baƙo ko yaro ya gani ba. Daga nan masu zane suka riƙa lulluɓe asirin da ɗige-ɗige, abin da yau duniya ta san wannan fanni da shi.

Maza ne suka buɗe wannan ƙofa, amma wadda ta fi kowa nisa a cikinta tsohuwa ce. An haifi Emily Kame Kngwarreye wajen 1910 a Alhalkere, yankin Utopia, kimanin kilomita 230 arewa maso gabashin Alice Springs. 'Yar ƙabilar Anmatyerr ce, ta yi aikin ƙarfi a gandun shanun Turawa a kan ƙasar kakanninta. A 1977 matan Utopia suka fara rinin batik, tana cikinsu. Ba ta taɓa yin fenti a kan ƙyalle ba sai ƙarshen 1988, tana dab da shekara 80. Cikin shekara 8 da suka rage mata ta yi zane kusan 3,000.

A ƙasa take shimfiɗa ƙyallen, ta zauna a gefensa ko a kansa, ta miƙa hannu iya inda ya kai, sannan ta gusa. Dubi zanenta Big Yam Dreaming na 1995, wanda ke gidan zane na jihar Victoria a Melbourne: tsawonsa mita 8, baƙi wuluk, fararen layuka sun sarƙe a kansa ba farko ba ƙarshe. Cikin kwana biyu ta gama shi. Layukan nan saiwoyi ne na wata siririyar doyar daji da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa. Idan ta nuna, ganyenta ya bushe, sai ƙasa ta tsattsage, mata su bi tsagar su haƙa. Wannan doya tana cikin abin da aka damƙa wa Emily amanarsa a gado, tare da waƙoƙinsa da rawarsa, kuma ratsin da take ja a wasu zanukan shi ne wanda mata ke shafa wa juna a jiki lokacin bikin awelye.

A nan nake ganin masu sharhin Turai sun yi kuskure babba. Sun ga launi ya tumbatsa, suka jera ta da mashahuran masu zanen Yamma, suka ce ga sabuwar Monet, ga takwarar Jackson Pollock, wai zane ne da bai kwaikwayi komai ba. Matar da ta yi rayuwarta nesa da gidajen zanen Faris da New York ba ta da bukatar a aro mata uba daga can. Kowane zanenta yana da abin da yake nufi, kuma kusan kullum abu ɗaya ne, wato Alhalkere, da tsirranta da tsuntsun emu da ke cin 'ya'yansu. Ba wasa ba ne kuwa: rawar matan Utopia da zanen jikinsu na cikin hujjojin da suka gabatar a neman ƙasarsu a ƙarƙashin dokar filaye ta 1976, aka kuma mayar musu da ita.

Kasuwa ta ba ta daraja, ta kuma matse ta. Dillalai sun yi ta sintiri a ƙofarta, dangi masu yawa suna ci daga hannunta, ita kuma tana rabawa kamar yadda al'adarsu ta tanada. Shi ya sa ayyukanta ba su zama ɗaya ba, akwai waɗanda gaggawa ta bayyana a cikinsu ƙarara. Amma ko a cikin wannan matsi ba ta tsaya a salo guda ba. Ta bar ƙananan ɗigo ta koma manya da burushin da ta datse wa gashi, daga nan ta koma ratsi, a ƙarshe kuma faffaɗan shafe na launi.

Ta rasu a Satumban 1996. Shekara guda bayan haka aka nuna aikinta da sunan Ostiraliya a baje kolin Venice, a 2008 aka yi mata babban nuni a Osaka da Tokyo, a 2025 kuma a Tate Modern ta Landan. Zanenta Earth's Creation na 1994 an sayar da shi sama da dalar Ostiraliya miliyan 1 a 2007, sannan miliyan 2.1 a 2017, alhali al'ummar Utopia har yau suna fama da ƙarancin gidaje.