Laƙabi da Kiran Aiki a Templet na C++: A Riƙe this->

A harshen C++, templet hanya ce ta rubuta aji ko aiki sau ɗaya, ya yi amfani ga kowane irin bayani. Sunayen da yake haifarwa sukan yi tsawon gaske, shi ya sa masu rubuta manhaja suka daɗe suna yi musu laƙabi da typedef. Amma typedef ba ya karɓar templet. Sai a ƙa'idar C++ ta 2011 aka ba using wannan dama, ta yadda za a rubuta template<class T> using Jeri = std::vector<T>; daga nan a ce Jeri<int> kawai. Ƙa'idar 2014 ta ɗora a kai, ta kawo irin su std::remove_reference_t<T> a madadin typename std::remove_reference<T>::type. Wannan ci gaba ne babu tantama.

Matsalar ita ce yayin laƙabi ya wuce gona da iri, har ya shiga kiran ayyukan aji. Idan aji ya gaji Uwa<T>, ya kira aikinta gaisa() haka tsurarsa, kompaila zai ce bai san sunan ba. Dalili kuwa, binciken suna hawa biyu ne: na farko lokacin karanta templet, na biyu lokacin da aka san ko mene ne T. A hawan farko ba a leƙa cikin Uwa<T>, domin ana iya ba ta wata siffa ta daban ga wani nau'i. Kompailan GCC ya tsaurara wannan doka a sigar 3.4 ta 2004, kompailan Microsoft kuwa bai fara bin ta ba sai a 2017, da zaɓin /permissive-.

A nan ne da yawa suke rubuta using Tushe = Uwa<T>; sannan su kira Tushe::gaisa(). Kompaila ya yi shiru, rubutun ya yi kyau a ido. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago: idan gaisa() na virtual ne, kiransa da sunan aji yana hana a nemi sigar da magaji ya sake rubutawa. Ta uwar za a gudanar, kuma babu gargaɗin da zai fito. Irin wannan kuskure yakan daɗe a ɓoye, domin gwajin da bai taɓa magajin ba zai wuce lafiya. Shi kuwa this->gaisa() yana jinkirta binciken zuwa hawa na biyu, ya bar virtual ya yi aikinsa.

Laƙabi bai kuma kawar da kalmar template a tsakiyar kira ba. Idan nau'in abu ya dogara da T, dole a rubuta abu.template sami<int>(), in ba haka ba a karanta alamar < da ma'anar "bai kai ba".

Ƙa'idar 2020 ta sauke wajibcin typename a wurare da dama, amma ba ta taɓa dokar uwa mai dogara da T ba. Laƙabi na gajarta sunan nau'i ne. Wajen kiran aikin da aka gada, this-> ya fi aminci, ko da ya ƙara haruffa shida.