Teburin Dickens: Abin da Ya Nuna da Abin da Ya Ɓoye

A gida mai lamba 48 a titin Doughty, cikin birnin Landan, an ajiye tebur da kujera na Charles Dickens, mashahurin marubucin Ingila. A kan teburin nan ne ya rubuta littattafansa na ƙarshe, har da Great Expectations, da The Mystery of Edwin Drood wanda mutuwa ta hana shi ƙarasawa a shekarar 1870. Gidan tarihin ya sayi kayan a 2015, da gudummawar fam 780,000 daga asusun adana kayan tarihi na ƙasar.

Ajiye su abin yabo ne, gama gani ya kori ji. Amma mai ziyara ya lura da abu biyu.

Na fari, teburin baƙo ne a gidan. Dickens ya zauna a nan daga 1837 zuwa 1839, yana matashi, lokacin da yake rubuta Oliver Twist. Teburin kuwa na gidansa ne na Gad's Hill a lardin Kent, wanda ya saya a 1856 bayan ya yi suna. Wanda bai karanta bayani da kyau ba, sai ya ɗauka a kansa aka haifi Oliver.

Na biyu ya fi nauyi. Teburin yana nuna mutumin da ya riga ya wadata, ya ɓoye yaron da ya sha wuya. A 1824, yana da shekara 12, aka kulle mahaifinsa saboda bashi, shi kuma aka sa shi aikin liƙa takarda a jikin tukwanen man goge takalma, ana biyansa sule 6 a mako. Daga wannan ɗacin ne marayu da matalautan littattafansa suka fito. Katako mai sheƙi ba ya ba da wannan labari.

Mai son ganin gumin marubucin, sai ya nufi garin Wisbech, inda aka adana rubutun hannunsa na Great Expectations, cike da soke-soke da gyare-gyare. Uwar maƙera tana da daraja, amma da lauje da fartanya ake sanin maƙeri. Wanda ya tsaya gaban teburin, ya fita bai buɗe littafi ko ɗaya ba, kujera kaɗai ya gaida, bai sadu da mai ita ba.